In Jirgin Ya Taka Mutum, Wa Za Ya Biya?



Daren Larabar da ta wuce, a shirinmu na kiran waya, maganar jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi muka ɗauko. Kun san yadda irin wannan hira take tafiya. Wani ya kira ya ce albasa da aya za su samu hanya, wani ya ce ƴan kamashon tasha za su rasa abinci, wani kuma ya kira don kawai ya gaida surukinsa a Ɗan Isa. Saura kamar minti shida mu rufe sai teknisiyan ya ɗaga mini yatsa ta bayan gilashi, alamar akwai sauran kira ɗaya. Wani dattijo ne daga wajen Madarunfa, muryarsa tana yankewa. Ya ce: "Malam mai rediyo, ni tambaya guda gare ni. Wanga jirgi da kuke ta yabo, an ce ba shi tsayawa nan take kamar mota. To in ya taka mutum, ko ya hwaɗi da mutane ciki, wa za ya biya? Nijar ko Najeriya?"

Na yi irin dariyar da muke yi in tambaya ta fi ƙarfinmu, na ce Baba Allah ya kiyaye, Allah kada ya nuna mana wannan rana. Ya ce: "Amin. Amma ba ka ba ni amsa ba." Sai layin ya yanke, ƙila kuɗin wayarsa ne suka ƙare. Ni kuma na sa kiɗan rufewa na yi sallama da masu saurare kamar ba abin da ya faru.

Tun ranar nake juya maganar a raina. Jirgin dai bai iso ba tukuna. Abin da ya hana ni barci shi ne an taɓa yi mini tambaya mai kama da wannan a tsakar gidanmu, ina ɗan shekara 19, kuma amsar da na bayar ranar har yau yayana yana ɗingishi da ita.

Shekarar da nake ajin ƙarshe a lise ne, saura wata uku mu yi Bak. Yaya tela ne, yana da ɗan shago kusa da kasuwa da keke guda irin na taka-ƙafa. Ya tafi Yamai kai ɗinkin biki, ya shigo motar dare zai dawo. Tsakanin Dogonduci da Birnin Ƙonni taya ta fashe, motar ta bar kwalta ta kife. An yi rasuwa a hatsarin. Shi Allah ya yi da sauran kwanansa, amma ƙafar dama ta karye wuri biyu, cinya da ƙwauri. Sunan kamfanin motar ba shi ne zancena ba, don abin da suka yi mana ba su kaɗai ke yin sa ba.

Ya yi kusan sati uku a asibiti. Kowace safiya da sabuwar ordinans. Inna ta sayar da tumakinta ɗaya bayan ɗaya, ta koma kan kwallayenta. Da kuɗi suka ƙare sai kawunmu ya ce akwai wani maɗori a ƙauyensu, hannunsa da albarka, kuma ba ya yanka wa mutum kuɗi. Muka fitar da Yaya da magariba kamar masu sata, ba takardar sallama, ba takardar likita mai bayanin raunin. Hotunan ƙashin ma, waɗanda mu a nan muke kira radiyo, a can muka baro su. Rasit ɗin magunguna kuwa Inna ta tara su cikin wata leda a ƙarƙashin gado, don ba ta yar da takarda, har gara ta cinye su.

Bayan kamar kwana goma sai ga baƙi biyu. Ɗayan sanye da farar shadda, mai ladabi ƙwarai, ya tuɓe takalmi tun daga zaure. Ya yi jaje, ya yi addu'a, ya ce mai kamfani ya aiko shi da gaisuwa da ɗan abin sayen magani. Ya ajiye ambulan a gaban Baba, jikka 150 a ciki. A lokacin, a gidanmu, wannan kuɗi ne na gaske. Sannan ya zaro takarda guda da aka buga da Faransanci, ya ce ƴar shaida ce kawai don mai gida ya san saƙo ya iso.

Baba ya juyo ya dube ni. "Kai ɗan lakwal, karanta muna."

Na karanta. Har yau ina ganin kalmomin a idona: désistement a sama da manyan baƙaƙe, can ƙasa kuma inda aka ce mai sa hannu ya yafe duk wata ƙara da duk wani neman haƙƙi. Ba wai ban gane Faransancin ba. Mun sha fama da Molière da Camara Laye, na fi kowa maki a ajinmu. Kalmomin na sani, abin da ke bayansu ne ban sani ba. Ba wanda ya taɓa gaya mana a aji cewa duk motar da ke kan hanya dole tana da inshora, kuma inshorar nan don irin Yaya aka yi ta. Na ce: "Baba, sun ce sun kawo taimako, mu kuma ba za mu kai su ƙara ba." Baba ya ce: "Ƙara? Wa ke kai ƙarar ƙaddara?" Mai farar shadda ya buɗe ƴar tawadarsa. Yaya yana kwance kan tabarma ba ya iya tashi, ni na kama babban yatsansa na dangwala a takardar. Abin da ya fi ci mini rai in na tuna shi ne a daren nan har wani alfahari na ji, wai yau karatuna ya yi wa gida amfani.

Ƙafar ta haɗe, amma ta gajarce da kamar yatsa uku, gwiwar kuma ba ta lanƙwasuwa sosai. Tela mai keken taka-ƙafa da ƙafar dama irin wannan, ku ƙiyasta. Ya shekara biyu kafin ya koya wa ta hagu aikin. Kafin nan masu kawo masa ɗinkin sallah sun koma wani wuri, auren da aka sa masa rana ma sai da aka ɗaga.

Sai bayan shekara bakwai na san abin da na yi. Lokacin na fara aikin rediyo, aka ba ni wani shiri na wayar da kai kan shari'a, na gayyato wata lauya. Ina zaune da abin saurare a kunne tana bayani, ni kuma gumi yana keto mini duk da sanyin situdiyo. Ta ce ƙasarmu tana cikin wata yarjejeniyar inshora da ake kira CIMA, wadda ƙasashen Afirka masu amfani da sefa suka sa wa hannu a Yawunde a 1992, kundin dokarta ya fara aiki a 1995. Nijar, Benin, Burkina, Mali, Kamaru, Chadi da sauransu duk doka ɗaya ce. Najeriya ba ta ciki. A ƙarƙashin wannan doka, fasinja ko mai tafiya a ƙasa da mota ta ji wa rauni ba sai ya nuna laifin direba ba, ba a kuma hana shi haƙƙinsa don an ce shi ma ya yi sakaci, sai in da gangan ya jefa kansa. Jandarma ko ƴan sanda da suka yi konsta su ne za su aika wa kamfanin inshora takardar PV cikin wata uku. Shi kuma kamfanin inshora, doka ta ɗora masa ya zo da tayin diyya da kansa, wanda a lokacin wa'adinsa wata 12 ne daga ranar hatsari, in rasuwa ce wata 8. A wasiƙarsa ta farko dole ya sanar da kai cewa kana iya neman kofin PV, kana kuma iya ɗaukar mai ba ka shawara wanda kake so. Ko ka sa hannu a sulhu da su, kana da kwana 15 da za ka iya warware shi da wasiƙa in an saɓa wa doka. In yaro ne ƙarami ya ji rauni, uba ba ya rufe maganar shi kaɗai, sai da izinin alƙali ko majalisar dangi da doka ta sani.

Ta ci gaba da lissafa abin da ake biya: kuɗin magani bisa rasit, kwanakin da mutum ya yi ba ya aiki, nakasar da ta zauna masa bayan likita ya auna ta kashi nawa ce cikin ɗari, azabar da ya sha, munin da raunin ya bari. In an rasu, kuɗin jana'iza da abin da mata da ƴaƴa suka rasa. Wanda ba ya da takardar albashi, irin tela ko manomi, da mafi ƙarancin albashi na ƙasa ake yi masa lissafi, wato SMIG, wanda ya daɗe a jikka 30 da ƴan kai kafin a ɗaga shi zuwa jikka 42 a farkon 2024. Ba kuɗin da zai mayar da ƙafa ba ne, kuma akwai iyakar da ba a wucewa. Amma ko a tsohon lissafi, abin da ya kamaci Yaya ya fi abin da ke cikin ambulan nesa ba kusa ba.

Da muka tafi hutun talla na cire abin kunne na ba ta labari a gurguje. Ta ce takardar da muka dangwala wa hannu da kamfanin mota muka yi ta, ba da mai inshora ba, kuma lauya mai ƙwazo zai iya ja da ita. Zuciyata ta buga. Sai ta tambaye ni shekara nawa ke nan. Na ce bakwai. Ta girgiza kai, ta ce doka shekara biyar ta bayar daga ranar hatsari. Teknisiyan ya ƙirga mana uku, biyu, ɗaya, na buɗe makirfo na ce jama'a barkanmu da sake saduwa.

To wannan duk zancen mota ne. Dattijon Madarunfa jirgi ya tambaya, shi ya sa cikin makon nan na koma na buɗe kundin na CIMA, na kuma buga wa lauyar waya. Abin da na fara cin karo da shi ya ba ni mamaki. Sashe na 200 shi ne ya wajabta inshora a kan motoci da babura. Sashe na 203 kuma ya fito fili ya ce wannan wajibci bai shafi ɓarnar da jirgin ƙasa ya yi ba. Ma'ana duk wannan tsari da na zayyana, na wa'adi da tayin dole da ma'aunin SMIG, an gina shi ne don hanyar kwalta. Wanda jirgi ya ji wa rauni sai ya koma ga tsohuwar doka ta kowa da kowa, wato Code civil da muka gada daga Faransa.

A can, in kai fasinja ne, tikitinka shi ne yarjejeniya tsakaninka da kamfani. Tun 1911 kotun ƙoli ta Faransa ta kafa ƙa'idar cewa wanda ya karɓi kuɗinka don ya ɗauke ka, wajibinsa ne ya kai ka lafiya, kuma kotunan ƙasashen da suka gaji dokar suna bin wannan fahimta. In bai kai ka lafiya ba, shi ne zai nuna cewa abin ya fi ƙarfin kowa. In kuma ba fasinja ba ne, misali mai amalanke da ke tsallaka layin dogo, ko makiyayi da garkensa, sai a duba sashe na 1382 da na 1384: wanda ya jawo wa wani ɓarna ya gyara, mutum kuma yana ɗaukar alhakin abin da ke ƙarƙashin kulawarsa da na ma'aikatansa. Amma a nan kamfani zai iya cewa kai ka shiga gaban jirgi, kuma alƙali zai saurare shi, ya rage diyyar ko ya hana gaba ɗaya. Kariyar da mai tafiya a ƙasa yake da ita gaban mota, ba ya da irinta gaban jirgi. Ta wani gefen kuma tsohuwar dokar ta fi yalwa, don ba ta da rufin da CIMA ta sa, alƙali yana iya auna asararka duka. Sai dai ba wanda doka ta tilasta wa ya zo ƙofar gidanka da tayi. Kai za ka tashi ka bi, da takardunka a hannu. Kana iya shigar da ƙarar neman diyya kai tsaye, ko kuma in mai shigar da ƙara na gwamnati ya gurfanar da su kan jikkata ko kisa ba da gangan ba, ka shiga shari'ar a matsayin wanda aka cuta, abin da ake kira partie civile, a yanke maka haƙƙinka a zama ɗaya.

Mu a Nijar ba mu taɓa gwada wannan ba, don ba mu taɓa samun jirgin da zai taka kowa ba. Kakanninmu sai sun je Kano ko Ƙauran Namoda suke ganin jirgi. Kayanmu na tashar Kwatano a Faraku jirgin yake sauke su, manyan motoci su ƙarasa. An buɗe tashar jirgi a Yamai a 2014, an yi bikin layin Yamai zuwa Doso a farkon 2016, kilomita kusan 140, da kaɗe-kaɗe da jawabai, amma bai taɓa zama jirgin da talaka ke yankar tikiti ya hau kullum ba. Duk wanda ya bi hanyar Doso ya ga ƙarafunan kwance, awaki na kiwo a tsakaninsu.

Inda aka gwada shi ne Kamaru, kuma ya kamata mu san labarin, don dokarsu ƴar'uwar tamu ce, kamfanin da ke riƙe da jirginsu a lokacin kuma, Camrail, na rukunin Bolloré ne, wanda ya shimfiɗa mana na Doso. Ga ƴan'uwanmu Hausawa birjik a Birkiteri ta Yawunde da New Bell ta Duwala, masu bin wannan layi da kayan kasuwancinsu. Ranar Juma'a 21 ga Oktoba 2016, ruwan sama ya karya hanyar mota tsakanin Yawunde da Duwala, jama'a suka yi dafifi a tashar jirgi. Aka ƙara taragu 8 a kan waɗanda aka saba ja. Da jirgin ya kusa garin Eseka, a gangare, ya kauce daga layi, taragu suka faɗa kwari. Hukuma ta ce mutum 79 suka rasu, sama da 500 suka ji rauni. Kwamitin binciken da shugaba Paul Biya ya kafa ya fitar da rahoto a watan Mayun 2017 ya ɗora babban alhaki a kan kamfanin: jirgin yana gudun kilomita 96 a awa a inda aka ƙayyade 40, ga lodi fiye da kima, ga taragu masu matsalar birki. Gwamnati ta ware sefa miliyar ɗaya don tallafa wa waɗanda abin ya shafa. A watan Satumban 2018 kotun Eseka ta samu kamfanin da wasu ma'aikatansa da laifi, har da tsohon shugabansa, wanda aka yanke wa ɗaurin wata shida na jeka-ka-gyara-halinka.

Shekara biyu ke nan kafin hukuncin farko, a hatsarin da duniya duka ta gani a talabijin. Kuma kafin a kai ga hukuncin, kamfanin ya riƙa sanar da cewa mafi yawan dosiyoyi an riga an rufe su ta hanyar sulhu da masu inshorarsa. Ba na zargin wanda ya karɓa. Mai karaya a gadon asibiti ba ya iya jiran shekara biyu, na gani da idona a gidanmu. Amma duk lokacin da na karanta kalmar sulhu a labarin Eseka, farar shaddar nan nake gani a zaurenmu, ina kuma tambayar kaina mutum nawa ne a cikinsu suka samu wanda ya karanta musu takardar ya kuma san abin da ke bayanta. Waɗanda suka fi shan wuya su ne dangin waɗanda aka nema aka rasa, ba a ga gawa ba, ba a gan su a asibiti ba. Kafin su yi maganar diyya sai sun fara tabbatar da cewa mutuminsu ya hau jirgin.

Wannan batu na suna a takarda ya sake tasowa a Najeriya, lokacin harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022. Wancan hari ne, ba hatsari ba, amma an daɗe ana jayayya kan mutum nawa ne a ciki, don adadin da ke rubuce bai yi daidai da abin da mutane ke faɗa ba. Mu kuwa kun san halinmu a tasha. Tikitin wani ka saya a hannun ɗan kamasho, da sunan wani, ko ka ba yaron mota wani abu ka shige ba tikiti. A ranar lafiya ka yi ribar jikka ɗaya. A ranar tsautsayi, a idon doka ba ka cikin motar.

Yanzu ga ainihin tambayar dattijo, Nijar ko Najeriya. Layin nan da shugaba Buhari ya aza harsashinsa a Fabrairun 2021, wanda kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke ginawa, kilomita 284 ne daga Kano, ya bi ta Kazaure, Daura, Katsina, Jibiya, ya shigo Maraɗi. Kusan dukkansa a ƙasar Najeriya yake, ɗan guntun ƙarshe ne namu. A ƙa'ida, inda abu ya faru dokar wurin ce ke fara magana. In a Ɗan Isa ne, kotunmu da Code civil. In a Mashi ne ko Kazaure, kotun Najeriya da dokarta ta gadon Ingila, da Turancin da yawancinmu ƴan lakwal ba mu iya ba. Can kuma lokaci ya fi ƙuntata. Dokar hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya, ta 1955, ta ce mai son ya kai hukumar ƙara sai ya yi cikin wata 12, kuma sai ya ba ta sanarwa a rubuce wata uku kafin ya shigar. In ita ce za ta tafiyar da jirgin, ɗan Tibiri da ya karye a Daura ya dawo gida wajen maɗori, kafin ya miƙe ya fara tunanin lauya ƙofa ta rufe. Ni a ganina wannan ita ce maganar da ya kamata ƴan kasuwarmu da sarakunanmu da ƙungiyoyin makiyaya su tayar tun yanzu, tun ana zuba tsakuwa: a rubuta a yarjejeniyar ƙasashen biyu wace inshora ce ke bin kowane tikiti, a wane ofis a Maraɗi mutum zai kai kokensa da harshen da yake ji, kuma ina ne burtalin shanu zai tsallaka layin. Jirgi mai lodi yana cin ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya, dattijon bai yi ƙarya ba.

Na san wani zai rubuto a ƙasa ya ce duk wannan dogon Turanci ne, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Haka Baba ya ce, Allah ya jiƙansa, kuma ban fi shi imani ba. Amma na zauna da malaman zaure na tambaya. Diyyar kisan kuskure tana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 92. Risala da ake karantawa a kowace unguwa ta Maraɗi da Damagaram tana da babi guda kan jini da raunuka, inda aka faɗi raƙuma 100 ko dinari 1000 na rai, da rabin haka na hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya. Waɗanda suka rubuta wannan sun fi mu sanin ƙaddara, ba su kuma ga karo tsakaninta da biyan haƙƙi ba. Yafewa alheri ce, amma mai haƙƙi ne ke yafewa bayan ya san abin da yake yafewa. Yaya bai sani ba. Ni da na karanta ma ban sani ba.

Ga wanda abin ya riga ya same shi, a mota ko a wani abu, ga ɗan abin da na koya da tsada. Kada ku bar asibiti ba takardar likita ta farko mai bayanin raunin, ko da za ku wuce wajen maɗori. Rasit ko na dala ashirin ne a adana shi inda gara ba ta kai, a kuma ɗauki hotonsa a waya. A san wace birgad ta jandarma ta yi konsta. In an kawo kuɗin jaje a karɓa a yi godiya, takarda kuwa a ce a bar ta ta kwana. Wanda ba ya da kuɗin lauya, akwai hukumar ANAJJ da aka kafa a 2011 don taimakon marasa ƙarfi a harkar shari'a, tana da ofis a manyan kotunan jihohi, tambaya kuma ba a biyan ta.

Shekaranjiya da la'asar na biya shagon Yaya. Yanzu yana da keken lantarki, in an ɗauke wuta ya koma kan tsohon da ƙafar hagu. Shekara da shekaru ban taɓa buɗe masa wannan magana ba. Na zauna kan bencin masu jira na faɗa masa duka, lauyar, shekara biyar ɗin, abin da ya kamata ya samu. Na ce ni na kama yatsanka, Yaya, ka yafe mini.

Bai tsayar da keken ba sai da ya kai ƙarshen layin ɗinkin. Ya cije zaren, sannan ya ce: "Kai har yanzu kana nan da wagga magana? Ai na san takardar rufe baki ce, ba sai na yi lakwal ba. Amma ranar ko dala babu gidan, kuma Inna ta saida tunkiyarta ta ƙarshe. Ko ka ce kar in sa, sai na sa." Ya yi shiru kaɗan. "Da dai mun san akwai shekara biyar, da mun ci kuɗinsu mun koma."

Ya ce ya ji shirin ranar Laraba, ya ji yadda tsohon ya ƙure ni. Na ce na gayyato lauyar Laraba mai zuwa ƙarfe tara na dare, za mu ba awa ɗaya cur ga tambayar, kuma duk wanda ya san dattijon nan a wajen Madarunfa ya gaya masa ya kunna rediyo, in ya yi fulashin mu za mu kira shi.

Yaya ya ce: "Ka tambaye ta har da shanu. Tsohon nan da ka ji, shanu gare shi." Sai ya miƙo mini bakin wani yadi ya ce in riƙe masa ya auna.